Zafin da hannu ba ya taɓawa

Kakana maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Muna zuga, shi kuwa ya kafa wa ƙarfen ido. In ja ne mai duhu ya ce da saura. Da ya koma ruwan lemo sai awartaki, sai kan uwar maƙera.

Na tuna da shi ne a ɗakin gwaji, ina digiri na biyu a fiziks. Filasma muke aunawa, wato iskar gas da ta sha zafi har elektaron suka ɓalle daga ƙwayoyin zarra. Mai tsananin zafin ba tukunyar da za ta ɗauke ta, sai dai a killace ta da maganaɗisu cikin na'ura mai siffar gammo, tokamak. Wadda ake ginawa a kudancin Faransa, ITER, digiri miliyan 150 ake nema, ninki goma na zafin tsakiyar rana.

Tamu ko kusa. Bututun gilashi ne da iskar argon mai haske shunayya, ana zura masa siririyar waya, ma'aunin Langmuir, ana karanta lantarkin da ta kwaso. Mako biyu ina tara lambobi, sun jeru gwanin sha'awa, har na fara hura hanci. Malamina ya duba, ya ce, "Yaushe rabonka da tsabtace kan wayar?" Ashe datti ya lulluɓe ta. Duk aikin ya bi ruwa.

Ranar ya ba ni labarin Rashawa. A 1968 suka ce tokamak ɗinsu T-3 da ke Mosko ya kai wajen digiri miliyan 10. Ba a gaskata su ba. A 1969 masana daga Culham ta Ingila suka kwashi kayan awonsu suka tafi, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Suka harba hasken leza cikin filasmar, suka duba yadda launinsa ya bazu bayan ya ci karo da elektaron. Gwargwadon bazuwar, gwargwadon zafin. Maganar Rashawa ta tabbata.

Da hutu na kwashe wannan na gaya wa Kawu, wanda ya gaji maƙerar. Ya juya bakin gatari cikin garwashi, bai ko ɗago ba.

"To ai su ma launi suke dubawa. Kai ɗan boko, kama zugar nan, wutar na lafawa."