Inda na kai a neman katunan 'yan Super Eagles

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tara katunan 'yan ƙwallo. Ga bayanin inda aikina ya kai, ko wani zai tsinci abin amfani a ciki.

Tun farko na taƙaita burina. Najeriya ta je gasar cin kofin duniya sau shida: 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018. Kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya, wanda ke fitar da kundin sitika na gasar tun 1970, ya buga hotunan 'yan wasanmu a waɗannan shekarun. Su nake bi, sai kuma katunan 'yan Jos biyu, Mikel Obi da Ahmed Musa, a duk kulob ɗin da suka buga wa. Katin Messi ko Ronaldo ko'ina akwai shi, kuɗi kawai yake so. Namu kuwa a Turai aka buga, a can aka sayar, yara suka liƙa suka zubar, ba wanda ya ɗauka za a neme su wata rana. Wannan shi ne ƙarancin da ya dame ni.

Na 2018 da 2014 sun cika, ba su ba ni wuya ba. Na 2010 saura kaɗan. Katunan Mikel na zamanin Chelsea, irin na Match Attax da kamfanin Topps ya yi, suna da araha, don an buga su da yawa.

Tirka-tirkar tana kan 1994. Ita ce shekarar da Rashidi Yekini ya ci mana ƙwallon farko a tarihin gasar, ranar da muka ci Bulgeriya uku da nema, ya kama raga yana kuka. Duk mai tara kayan Najeriya sitikarsa yake nema, kuma a nan ido yake aiki. Sitika iri biyu ce a kasuwa: wadda ba a taɓa liƙawa ba, takardar bayanta tana nan da lambarta, da wadda aka ɓamɓaro daga tsohon kundi. Ta biyun takan yi laushi, gefenta ya ɗan tashi, darajarta kuma ba ta kai ta farkon ba. Don haka kada ku biya sai an nuna muku hoton gaba da baya. Bayan ma ba iri ɗaya ba ne, domin an yi bugu daban-daban saboda ƙasashe daban-daban. Na samu Yekini ɗaya mai kyau ta hanyar musaya da wani bawan Allah a Kaduna, garin da marigayin ya taso. Wallahi na daɗe ina kallonta kafin na sa ta a leda.

Abu huɗu nake dubawa a kowane kati, kuma su ne masu tantancewa irin PSA na Amurka ke dubawa kafin su ba da maki daga 1 zuwa 10: ko hoton ya zauna a tsakiya, kaifin kusurwa, lafiyar gefe, da fuskar katin. Ku karkata shi a gaban fitilar waya, duk wani ƙarzane zai fito. Mu a nan aika kati waje don a tantance ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma sanin ma'aunin yana hana a sayar maka da gurgu a kuɗin mai lafiya.

Inda nake nema? Na zaga wajen masu tsofaffin littattafai a Terminus a nan Jos, na kuma bar sallahu wurin 'yan gwanjo a Katako, don wani lokaci kundin yara kan biyo dilar kayan wasa. Samu a nan sai an dace. Mafi yawa ta kasuwar intanet ta eBay ne, sai dai masu sayarwa da dama ba sa aikowa Najeriya, kuma kuɗin aikawa kan ninka kuɗin katin. Dabarar da ta yi mini ita ce a tara su a gidan wani ɗan uwa a Ingila, ya taho da su gaba ɗaya idan zai zo gida.

Fakiti a rufe kam na bar wa masu so. Ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan faɗawa kan kati mai lamba, wato wanda guda 99 ko guda 10 kacal aka buga irinsa. Zuciyata ba ta natsu da shi ba, ya yi kusa da caca. Gara in sayi wanda na gani da idona.

Ajiya kuma, damunar Jos ba ta wasa da takarda. Danshi yana lanƙwasa kati, musamman mai ƙyalli. Kowanne yana shiga leda mai laushi, sannan gidan roba mai tauri, sannan akwati mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Nesa da bango, nesa da taga.

Yanzu abin da na sa a gaba shi ne Amokachi da Finidi na 1994, da katin Ahmed Musa na lokacin da yake CSKA Moscow, kafin ya koma Leicester a 2016. Ina da rarar na 2018 masu kyau. Wanda ke da ɗaya daga cikin ukun nan, don Allah ya yi magana mu yi musaya.