Faifan galaksi: inda aiki ya kai

Ƴan uwa abokan koyo, sannunku da ƙoƙari. Faifan da nake mayarwa siffar galaksinmu, wato babban taron taurarin da ranarmu take ciki, ya fara kankama.

A kasuwar Tawa na samo shi, mai faɗin santimita 50. Faɗin galaksin kuwa wajen shekarar haske 100,000 ne, kuma shekarar haske guda ita ce tazarar da haske ke ci a shekara, kusan kilomita biliyan 9,460. Ke nan santimita ɗaya a kan faifai ya tsaya a madadin shekarar haske 2,000. Tsakanin rana da cibiyar galaksin akwai kimanin shekarar haske 26,000, wato santimita 13. Na auna da zare, na soka allura a wurin. Nan muke, ba a tsaka ba, ba a baki ba, a kan wani ɗan reshe da ake kira Orion, cikin rassan taurarin da suka murɗa suka kewaye cibiyar. Kafin allurar nan ta zagaya faifan sau ɗaya, sai an yi shekara wajen miliyan 230.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kauri. Inda yawancin taurari suke, kaurin bai wuce kimanin shekarar haske 1,000 ba, rabin santimita kacal a awonmu, kusan daidai da saƙar kabar kanta. Don Allah ku gwada wannan: ku ɗaga faifai daidai ido, ku dube shi ta gefe. Layi guda za ku gani. Shi ne farin ratsin nan da ke keta sama da dare. Muna cikin saƙar ne, shi ya sa in mun dubi tsawonta taurari ke taruwa har haskensu ya gauraye, in kuma mun dubi sama ko ƙasanta sai mu gan su jefi-jefi. A 1610 ne Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya ɗora madubin hangen nesa a kan ratsin, ya ga ashe taurari ne birjik.

Cibiya da laka na yi ta, na ɗan ja ta ta yi tsawo, don ta gaskiyar ba dunƙule take sumul ba. A cikinta akwai baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa ƙarfin jansa, mai nauyin rana wajen miliyan 4, wanda aka fitar da hotonsa a 2022. Ban sa masa alama ba, ko tsinin allura ya yi masa girma ƙwarai.

Rassan, gero nake mannawa da ƙaro, aiki mai cin haƙuri. Taurarin sun kai biliyan 100 zuwa 400, ko da na manna ƙwaya 10,000, kowace sai ta wakilci miliyan 10 ko fiye.

Yanzu ƙura ta rage. Wanda ya fita bayan gari da damina, a daren da babu wata, bayan ruwa ya wanke sama, in ya dubi kudu wajen taurarin Kunama zai ga wani duhu ya tsaga farin ratsin nan gida biyu. Ba fili ba ne, ƙura ce ta tare hasken da ke bayanta, ita ce ma ta ɓoye mana cibiyar. Ina so in nuna ta da garin gawayi, amma da ya taɓa ɗanyen ƙaro sai ya bazu ya ɓata geron. Masu aikin fata a cikinku, wane baƙi kuke shafawa da ba ya malala?