Talata a ɗakin gashin ƙashi

Bakwai da rabi na bar Samaru, hazo ya rufe hanyar asibitin Shika har sai da direban bas ya kunna fitila. Ƙarfe takwas muka fara zagayen marasa lafiya da malamar da ke kula da horon ƙwarewarmu a aikin gashin ƙashi da farfaɗo da motsin jiki. Kowa a cikinmu ya yi shekara 5 a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki da bautar ƙasa, ga lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, a hannu. Amma duk abin da ka ce za ka yi wa majinyaci, sai ta tambaye ka dalili, da kuma abin da za ka auna ka san ya yi amfani. Wannan tambaya tata ita ce horon, kuma ina jin daɗinta ƙwarai.

Wanda ya cinye mini safiya wani dattijo ne daga cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka. Hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, magana ma ta sarƙe. Sunan ɗansa ya gagare shi, amma da na ja masa Bisimilla sai ya kawo Fatiha har ƙarshe ba gargada. Mun karanta cewa abin da baki ya saba maimaitawa yakan tsira, amma ganinsa da ido daban ne. Matarsa sai da ta share hawaye.

A ma'aunin ƙarfin tsoka na 0 zuwa 5, ƙafar ta kai 3, hannun yana 1. Kafaɗar ce ta tayar mini da hankali. Na ɗora yatsa a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, sai ya faɗa cikin wani gurbi: kan ƙashin damtse ya zame ƙasa. Tsokar da ke riƙe shi ta mutu, 'ya'yan kuma da wannan hannun suke jan sa idan za su tayar da shi. Ƙauna ce ta sa, ba wanda ya taɓa nuna musu. Na sa babban ya dafa bayan allon kafaɗa da ƙugu, muka maimaita har hannunsa ya faɗa, na nuna musu yadda ake tallafe hannun da matashi, da juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Sai ɗan ya ce, "Likita, ba za a sa wa Baba fitilar nan mai zafi ba?" Na gaya masa fatar wannan ɓarin ba ta jin zafi sosai, za ta iya ƙonewa bai sani ba. Abin da ke farfaɗo da motsi shi ne Baba ya riƙa gwadawa da kansa, yana maimaitawa, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo. Na ce, "Baba, bismilla, mu tashi." Ya jawo ƙafafu baya, ya sunkuyo gaba, ya miƙe yana rawar gwiwa. Na ajiye buta a damansa don ya riƙa miƙa mata hannu.

Bayan azahar yara ne: wata yarinya da allurar ɗuwawu ta taɓa mata jijiya, ƙafa na ja, da yaron da gwiwar hannunsa ta sandare bayan ɗori.

Yanzu ina haɗa bayanin Baba da zan gabatar ranar Alhamis. Na zaɓi ma'aunin Berg mai gwaji 14 da maki 56 don bin tsayuwarsa mako-mako, kuma sai na shirya hujjar zaɓinsa, don na san za a tambaya. Allah ya ba shi lafiya.