Takardar ɗiyata a kan teburin mai shago

A farkon shekarar nan na raka ɗiyata wani shagon kwamfuta a unguwar Mabera da ke Sakkwato domin a taimaka mata da shirin rajistar jarabawar JAMB, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Muna zaune muna jiran layi ya zo kanmu, sai idona ya sauka kan tarin takardu a gefen injin kwafi, ɗauke da hotunan yara da sunayensu da lambobinsu da adireshin gidajensu, an jibge su ba tare da ko dutse an danne su ba. Na ce wa yaron shagon, "Ƙanena, waɗannan fa ina ake kai su?" Ya amsa da ladabi cewa waɗanda bugunsu ya ɓaci ne, idan sun taru akan ba mai ƙosai ta naɗe kayanta. Ban ga mugun nufi a fuskarsa ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da haƙƙin sanin mutanenta. Wanda yake da 'yan uwa a Isa ko Sabon Birni ya san abin da rashin tsaro ya yi wa gabashin jihar nan, kuma da sunan tsaro aka umarce mu a watan Disamba na 2020 da mu haɗa layukan wayarmu da lambar NIN. Mun sha rana a layi, mun bi umarni. Sai dai har yau 'yan bindiga da waya suke kiran iyalan wanda suka sace suna cinikin kuɗin fansa, alhali bayanan talaka mai bin doka su ne suka zama kayan kasuwa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative mai fafutukar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta bayyana cewa akwai shafin intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira ɗari kacal. Hukumar NIMC mai bayar da lambar NIN ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, amma ga uba irina, ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, sun dai fita.

Lamarin yaro ya fi na babba nauyi. Ni da kaina na miƙa yatsuna aka ɗauki zanensu, ina sane da abin da nake yi. Ɗiyata kuwa tun tana goye ake rubuta ta, daga katin rigakafi zuwa takardar haihuwa zuwa rajistar makaranta, ba a taɓa neman yardarta ba domin ba ta kai matsayin bayarwa ba. Idan aka sace lambar sirrin katin banki, gobe sai a sauya wata, amma zanen yatsa da kamannin fuska ba a sauya su, da su za ta rayu har tsufanta. Wanda ya riƙe bayananta yau yana iya buɗe layin waya ko cin bashi da sunanta bayan shekaru, ita kuma a zo a tuhume ta da laifin da ba ta san hawa ba balle sauka.

Doka tana nan a rubuce. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC mai kula da kare bayanai, ta kuma shardanta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. A Turai irin wannan doka tana cizo, domin a 2023 ɗin hukumar ƙasar Ailan ta ci tarar TikTok yuro miliyan 345 saboda yadda ya riƙe bayanan yara. A nan kuwa, iyaye nawa ne suka san cewa suna da ikon tambayar makaranta ko mai shago me za a yi da takardar ɗansu, wa zai gan ta, kuma yaushe za a goge ta?

Abin da ke damuna shi ne mu mutanen Sakkwato ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Mun tashi a gidajen da baƙo ke tsayawa a zaure har sai an yi masa iso, mun kuma karanta a Suratul Hujurati hanin da Allah ya yi wa bin diddigin sirrin mutane. Duk da haka mu ne ke tura hoton sakamakon jarabawar yaro, da cikakken sunansa da makarantarsa, cikin zaurukan WhatsApp masu ɗaruruwan mutanen da ba mu san rabinsu ba.

Ranar nan, kafin mu bar shagon, na roƙi yaron ya goge hoton ɗiyata daga kwamfutarsa a gabana, na kuma karɓi kwafin da ya ɓaci na sa a aljihu. Sauran takardun na bar su a kan teburin, kuma har na isa gida fuskar wani yaro da ke saman tarin ba ta bar zuciyata ba.