Yadda Na Zaɓa wa GT86 Wili da Tayoyin Hunturu

Yawancin masu mota irin tawa a nan kudancin Jamus ba sa wahalar da kansu da tayar hunturu. Da Oktoba ta ƙare sai su wanke motar, su lulluɓe ta a gareji, su koma hawa wata tsohuwar Golf ko jirgin ƙasa har rana ta dawo. Ni mota ɗaya gare ni, Toyota GT86 ƙirar 2015, kuma a Ulm nake zaune. Aiki yana yawan kai ni Stuttgart ta babbar hanyar A8, wadda ke haye tsaunukan Alb har kusan mita 800 kafin ta gangara. Can sama, ana iya barin Ulm da hazo kawai a iske titi fari fat. Ga motar jan baya ce, mai farfela, nauyinta bai kai kilo 1,300 ba, bayanta sakayau. Irin wannan mota a kan tayar zafi, ko ɗan hawan da ke bakin gareji ba za ta iya ba idan ƙasa ta daskare.

Dokar Jamus ba ta sa ranar sauya taya ba, yanayin titi take dubawa. Idan akwai ƙanƙara, ko dusarta, ko caɓalin da take zama bayan ta fara narkewa, dole tayoyi huɗun su kasance na hunturu. Wanda aka kama zai biya Yuro 60 kuma a rubuta masa makin laifi ɗaya a rajistar direbobi ta ƙasa da ke garin Flensburg, idan ya tare wa mutane hanya kuɗin ya koma 80. Tayar da doka ta sani ita ce mai tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. A da haruffan M+S sun isa, amma tun ƙarshen Satumban 2024 an daina karɓarsu su kaɗai. Jama'a kuwa suna da tasu ƙa'idar, daga Oktoba zuwa Ista, kuma dalilinta roba ne: tayar zafi tana fara taurarewa idan sanyi ya sauko wajen digiri 7, ta hunturu kuwa an haɗa ta yadda za ta zauna da laushinta.

Abin da raina ya fara so shi ne in bar motar da kamanninta. Ta zo da wili mai inci 17 da taya 215/45 R17, kuma na saba ganinta a haka. Na ma leƙa masu inci 18 a intanet, baƙaƙe masu ƙyalli. Wani dattijon makaniki a shagon taya na unguwarmu ne ya tambaye ni ko motar kallo nake son haɗawa ko ta zuwa aiki. Ya ce in sauko inci 16, in sa 205/55 R16. Ban amsa masa nan take ba, sai da na koma gida na yi lissafi da kaina.

Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman wili da inci. Idan aka haɗa, tsayin 215/45 R17 gaba ɗaya kusan milimita 625 ne, na 205/55 R16 kuma kusan 632. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari ne, allurar gudu ba za ta yi wata ƙaryar da za ta dame ka ba. Gefen taya ne ke sauyawa sosai, daga kusan milimita 97 zuwa 113. Wannan ƙarin robar ita ke shan dukan ramukan da sanyi ke fasawa a kwalta, da gefen titin da dusar ƙanƙara ta ɓoye, maimakon wili ya sha. Siririyar taya kuma ta fi ratsa caɓali da ruwa ta isa kwalta, mai faɗi tana saurin hawa kansu ta yi iyo. Ragin milimita goma ba abin al'ajabi ba ne, amma a mota marar nauyi kowane ɗan taimako abin so ne.

Dalilin da ya fi jan hankalina shi ne kasuwa. 205/55 R16 ita ce tayar gama-gari a Jamus, ita ce a ƙarƙashin Golf da Astra da Focus ba adadi. Kowane kamfani yana yin mafi kyawun tayarsa a wannan girman, ƙungiyar direbobi ta ADAC tana yawan gwada shi, kuma farashinsa ƙasa yake da na inci 17 da tazara mai kyau. Idan ƙusa ta huda maka ɗaya ranar Asabar a wani ƙauye, da wuya shago mafi kusa ya rasa ta. Mai inci 18 sai ya jira a yi masa oda.

Sai dai ba kowace motar gudu ce ke yarda a rage mata wili ba. Birki ne ke yanke hukunci. Tawa birkinta na asali ne, inci 16 yana zama a kai lafiya. Waɗanda suka zo da manyan birkunan Brembo kuwa, wilin 16 ba zai rufe gidan birkin ba. Haka masu Porsche ko BMW M waɗanda tayoyin bayansu suka fi na gaba faɗi: su sai sun bi girman da kamfanin ya amince da shi na hunturu, ba abin da makaniki ya ga dama ba.

A kan wilin kansa na fi ɓata lokaci. Wani yayanmu ɗan Kumasi da ya daɗe a ƙasar nan, da ya ji ina nema, ya kira ni ya ce, "Ƙanina, kada ka zubar da kuɗinka. Akwai wilin ƙarfe huɗu na tsohuwar Golf IV a ɗakin ajiyata, rami biyar ne irin naka, zo ka kwashe." Na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, bari in auna tukuna." Gaskiyarsa, tsarin ramukan ɗaya ne, 5x100. Amma ramin tsakiyar wilin Golf milimita 57.1 ne, na GT86 kuwa 56.1. Volkswagen da kusoshi masu kauri M14 take ɗaure wili, mazauninsu zagayayye, tawa kuwa noti ne a kan sanduna M12, mazauninsu mai gangara. Noti zai shiga, har ya yi kamar ya ɗaure, alhali bai zauna a gurbinsa ba. Ga kuma zurfin wilin, abin da ake rubutawa da ET, wato yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje. Na motata 48 ne. Idan lambar ta yi ƙasa da yawa taya ta leƙo waje ta goga jiki, idan ta yi sama ta kusanci shokozoba. Na koma na ba Yaya haƙuri, ya ce ai mu yaran yanzu komai sai da takarda.

Kuma da takardar ce. A Jamus wilin da ba na kamfanin motar ba sai yana da izini da ake kira ABE, wanda ke lissafa motocin da aka yarda a sa musu shi da girman tayar da za ta hau kai. Idan motarka ba ta ciki, ko takardar ta gindaya sharaɗi, sai ka kai wa masu duba mota irin su TÜV ko Dekra su gani su sa hannu. In ba haka ba izinin hawan motar kansa na iya faɗuwa, ranar hatsari kuma kamfanin inshora ya samu abin kamawa. Na ga wili masu kyau da araha a hannun 'yan gwanjo, na bar su saboda mai sayarwa bai san inda takardar take ba.

Na so wilin ƙarfe don arha, amma a shagunan da na duba ban samu mai izinin motata ba. Na ƙare a kan na alminiyam mai inci 16, faɗi 6.5, fentin azurfa marar ado. Da gangan na guji masu gogaggiyar fuska mai sheƙi. Gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara yana samun ɗan tsagin da tsakuwa ta yi, ya shige ƙarƙashin fentin, kafin hunturu biyu ka ga farin tabo yana yaɗuwa. Na kuma zaɓi mai ƙafafu biyar masu faɗi, saboda wanke mai ƙananan ƙafafu ashirin da hannu a watan Janairu azaba ce. Akwai kuɗin da ban sa a lissafi ba da farko: na'urar auna iska. Motocin da aka yi wa rajista a Tarayyar Turai daga Nuwamban 2014 dole su kasance da ita, kuma a tawa tana jikin bawul ɗin kowane wili. Sabon wili na nufin sababbin na'urori huɗu da kuɗin haɗa su da kwamfutar motar.

Taya kuwa iri biyu ce ake kira ta hunturu, kuma mutane na ruɗa su. Akwai ta ƙasashen arewa, Finlan da Suwidin da Norwe, irin su Nokian Hakkapeliitta, mai roba laushi ƙwarai, wadda aka yi domin titin da ke daskare wata da watanni. Akwai ta tsakiyar Turai, irin su Continental WinterContact da Michelin Alpin da Bridgestone Blizzak LM005, wadda aka yi domin jiƙaƙƙiyar kwalta mai sanyi da dusar ƙanƙara jefi-jefi. Duk wanda ya kalli bidiyon gwaji a kan daskararren tafki zai so ta farkon. Amma hunturun Ulm galibinsa ruwa ne da hazo da gishiri, ranakun da titi ke fari ƙalilan ne, kuma a kan jiƙaƙƙen titi da gudun babbar hanya tayar arewa tana buƙatar doguwar tazara kafin ta tsaya. Mai ƙusoshi ma ba a maganarta, an haramta ta a Jamus. Na ɗauki ta tsakiyar Turai, na fi ba birki a kan ruwa muhimmanci a sakamakon gwaje-gwajen da na karanta.

Sai harafin gudu. T na nufin kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Motata a takarda tana kai 226, don haka tayar zafi sai V ko sama. A tayar hunturu doka ta yi sassauci: za ka iya sa mai ƙaramin harafi muddin ka manna ɗan tambari inda idon direba ke gani, mai nuna iyakar gudun. Na sa H, na manna 210 a gefen sitiyari. Wanda ke ganin 210 ta yi masa kaɗan a watan Disamba a kan Alb, matsalarsa ba ta taya ba ce. Kafin a ɗaura na duba lambobi huɗun ƙarshe na DOT, wato lambar ƙira da ke gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don kada a ba ni tsohon ajiya.

Motar ta sauya hali, kuma ba zan ce duka sauyin daɗi ne ba. Sitiyarin da a da yake amsawa tun kafin ka gama juya shi, yanzu yana ɗan jinkiri, kamar mai tafiya a kan katifa. A busasshen titi idan rana ta ɗan fito, za ka ji bayan motar yana lanƙwasa a kwana. A kan dusar ƙanƙara kuwa ta zama mota mai faɗa maka abin da za ta yi kafin ta yi. Ina tashi da giya ta biyu idan wurin da santsi, ina taka totur a hankali, na'urar hana zamewa tana kunne kullum. Ranar da aka yi zuba mai yawa a hawan Aichelberg da ke kan A8 na wuce manyan motoci masu jan ƙafa huɗu da suka tsaya a gefe da tayoyin zafi. Jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi, ba ya ƙara komai wajen tsayawa. Abin da taya ba ta iya gyarawa shi ne tsayin motar daga ƙasa, kusan santimita 13 kacal. Idan dusar ta wuce haka kuma motar shara ba ta bi ba, gaban motar ne zai zama shebur, gara a hau jirgi.

Ƙananan abubuwan da na riƙe ba su da yawa. Ana ɗaure notin da sifana mai awo a kan ƙarfin ɗauri 120 Nm, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Iska na raguwa kusan 0.1 bar duk lokacin da sanyi ya sauka da digiri 10, don haka awon da aka yi cikin ɗumin shago ba shi ne na waje ba. Idan tayar tana da kibiya a gefe, ba ta sauya ɓangare, daga gaba zuwa baya kawai. A motar jan baya na baya ne ke saurin cinyewa, shi ya sa nake rubuta wa kowace mazauninta da alli kafin a ajiye.

Doka ta yarda a hau taya har zanenta ya sauko milimita 1.6, amma ta hunturu tana rasa amfaninta tun a 4. A Ostiriya, wadda ba ta da nisa da mu ta hanyar garin Füssen, tayar da ba ta kai 4 ɗin ba ba a ma ƙirga ta a ta hunturu tsakanin 1 ga Nuwamba da 15 ga Afrilu. Ina aunawa da kwandalar Yuro biyu: idan farin bakinta ya ɓace cikin zanen, da saura. Wannan ne ya sa ake cire tayoyin hunturu a Turai alhali ido na ganin da sauran zane a jikinsu, kuma wasu cikinsu su ne ke bin kwantena su zama tayoyin Beljiyam a kasuwanninmu. Da ƙanina ya turo min hoton waɗanda ya yi ciniki a Ƙofar Ruwa domin Corollarsa, na ga tambarin dutsen nan mai kawuna uku ɓaro-ɓaro a gefe, ga lambar DOT ta nuna sun haura shekara takwas. Robar da aka haɗa domin sanyin da bai kai digiri 7 ba, a kan kwaltar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu za ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi tsawo. Na ce masa ya mayar, ya nemi wadda ba ta da tambarin ko da zanenta bai kai na waɗannan zurfi ba.