Yadda na ɗinke tankin garkar kawu da fibir da wata farar hoda

Tankin ruwan garkar kawuna da ke bakin gulbi ne ya tsage a gefe, tsagar ta kai kamu ɗaya. Na fibir ne, wato zaren gilashi da aka haɗa da rezin, shi ya sa na ce bari in gwada, da na roba ne da ban ɓata kuɗina ba don rezin, ruwan gam ɗin da ake yin aikin da shi, ba ya kama shi. Na tafi kasuwar Katako a Yamai na sayo rezin poliyesta da ƴar kwalbar katalizar, ruwan da ke sa rezin ya sandare, da tabarmar zaren gilashi mai giram 450 a kowane murabba'in mita.

Ranar farko da azahar na fara, cikin Afrilu, kun dai san zafin Yamai lokacin ya wuce digiri 40, kuma na zuba katalizar da ido ban auna ba, kafin in kai rabin aikin rezin ya sandare cikin gwangwani har gwangwanin ba ya taɓuwa don zafi, wanda na shafa kuma yana ta zurarowa ƙasa kamar zuma ya bar zaren a bushe. Raina ya ɓaci sosai, salatin kawu na jiran ruwa.

Wani abokina mai gyaran jikin mota ne ya ba ni wata farar hoda cikin leda mai hana rezin zurara, sunanta Aerosil 200. Wallahi leda cike amma kamar ba ka riƙe komi ba, ka yi numfashi kusa sai ta tashi, dole ka sa takunkumi. Silika ce, asalinta ɗaya da rairayi, Jamus aka fara yin ta, sai dai ƙwayarta wajen nanomita 12 ce, nanomita kuwa ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Giram ɗaya tak in an shimfiɗa fuskar ƙwayoyin za ta rufe murabba'in mita 200, ma'anar lambar ke nan. Cikin rezin ƙwayoyin suna riƙe juna kamar raga, ka motsa da buroshi ya saki, ka bari ya tsaya cak a bango.

To nan ma sai da na sake kuskure, na ga tana aiki na ƙara, na ƙara, rezin ya zama kamar tuwo ya ƙi shiga cikin zaren, ga gudaji-gudaji, da ya bushe duk farin tabo, da hannu na ɓamɓare shi. Ƙarfin yana wurin zaren ne, in bai jiƙu ba hodar ba ta da abin da za ta yi maka.

Karo na uku bayan sallar asuba na fito da ƙaramin sikeli. Giram 2 na hoda cikin giram 100 na rezin, kaɗan-kaɗan ina juyawa har gudajin suka ɓace, sannan katalizar kashi 1 cikin 100 a ƙarshe. Na huda ƙarshen tsagar biyu don kar ta ci gaba, na goge wurin ya yi kaushi, na wanke da aseton mai cire maiƙo, na jera tabarma uku kowace ta fi ta ƙasa faɗi, ina dannawa da buroshi har zaren ya koma garau kamar gilashi babu kumfar iska.

Kawu ya so a cika da yamma, na ce kawu a yi haƙuri kwana biyu warin ya fita. Ranar da muka cika ya shafa wurin da tafin hannu ya duba, ya ce ɗana kunna injin.