Abin da na koya a gindin sikelin Baba Shawish

Shekara bakwai na yi ina riƙe wa Baba Shawish littafin awo a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a ƙasar Sudan. Shawish muƙaminsa ne na soja, wato saje, amma ya bi shi har ya danne sunan yanka. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka yo gabas da ƙafa daga Arewacin Najeriya da niyyar Makka, bayan yaƙin da aka yi da Turawa a Burmi a 1903, guzuri ya ƙare, suka zauna a Maiurno kusa da Sennar. A can aka haife shi. Yana saurayi ya shiga rundunar tsaron Sudan, kuma yana cikinta lokacin da Italiya ta kama garin Kassala na gabashin Sudan a 1940, har aka bi sojojinta cikin duwatsun Iritiriya a 1941.

Ba ya son labarin harbi. In mun matsa masa, ƙishirwa yake ba mu labari, da mutanen da ke hawa dutse da ruwa a kafaɗa suna kai musu. Ya ce bai taɓa sanin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma abin yana cinsa har tsufa. Ina ganin shi ya sa ban taɓa ganin ɗan dakon da ya bar rumfarmu da faɗuwar rana bai karɓi kuɗinsa ba.

Darasin da ya fi shiga jikina a kan shail ne. Wanda ya yi noma a nan ya san shi: da damina manomi ya rasa kuɗin ciyawa, ɗan kasuwa ya ba shi, a kan zai biya da riɗi ko dawa bayan girbi, a farashin da aka yanke tun amfani yana kore. Riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanka ba sai kwanson ya fashe ya zube, don haka manomi ba shi da bakin ciniki. Wata shekara kintarin riɗi, wato ma'aunin da muke awo da shi, ya yi tsada sosai, wani dattijo ya kawo nasa, na rubuta masa tsohon farashin kamar yadda kowa ke yi. Ban ga laifina ba. Baba ya karanta shafin ya ce, "Ɗana, kuɗinmu nawa ne a wurinsa?" Na faɗa. Ya ce, "Cire su, sauran ka auna masa da farashin yau." Na ce Baba, ai yarjejeniya ce. Ya ce yunwa ce ta sa hannu, ba mutumin ba. Kunyar ranar har yau ban warke ba.

A gida ma haka yake. Faranti ɗaya da 'ya'yansa da mu yaran shago, kuma 'ya'yansa mata duk sun yi makaranta a zamanin da ake yi masa surutu a kai.

Ya haura casa'in kafin ciwon ajali. Ya sa aka kira ni da babban ɗansa, ya ce in ɗauko littafin bashi in karanta. Kowane suna na kira sai ya ce, "Na yafe." Da na rufe, ya ce akwai wanda ba a rubuta ba: ladan dakon buhu goma na wani yaro da ya tafi kafin a sallame shi, shekaru da yawa baya. Wata biyu bayan rasuwarsa muka samo yaron a Wad Madani, har ya yi furfura. Allah Ya jiƙan Baba.